Tambayoyi da Amsoshi Kan Haɗa Kantar Littattafai ta Katako a Gida

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin waɗanda littattafai suka yi musu yawa har suka yanke shawarar haɗa wa kansu kanta. A cikin amsoshin, idan an ce kanta ana nufin dukan abin da aka haɗa, hawa kuma shi ne kowane falanki da ake jera littattafai a kansa, tazara kuwa ita ce nisan da ke tsakanin wurare biyu da suka tallafi falankin.

Shin wanda ba kafinta ba zai iya haɗa kanta mai ƙarfi?

Zai iya, domin kantar littattafai na daga cikin kayan katako mafi sauƙin tsari: gefuna biyu a tsaye, hawa-hawa a kwance, sai allon baya. Abin da ke kayar da masu farawa ba rashin gwanintar hannu ba ne, rashin lissafi ne tun kafin a taɓa zarto. Yawancin kantocin da suka lotsa, ko suka karkace, ko suka faɗo, an riga an yanke musu wannan hukunci tun a kan takarda, lokacin da mai su ya zaɓi tazara mai tsawo fiye da kima, ko ya ga allon baya ado ne kawai, ko ya manta da ɗaure ta a bango. Wanda ya kiyaye waɗannan abubuwa uku, ko da yankansa bai yi kyan na ƙwararre ba, zai samu kantar da za ta daɗe.

Nawa ne nauyin littattafai a zahiri?

Ya fi yadda ake zato. Littafi ɗaya a hannu ba ya nuna komai, amma idan aka jera littattafai manne da juna, kowace mita ɗaya ta hawa tana ɗaukar kimanin kilo 30, kuma manyan littattafai irin su ƙamus da kundaye masu takarda mai sheƙi suna haura haka sosai. Ke nan kanta mai hawa biyar, kowanne santimita 80, tana riƙe da kusan kilo 120 idan ta cika, ban da nauyin katakonta.

Hanyar da ta fi tabbas ita ce mutum ya auna nasa: ya jera littattafansa mafi nauyi tsawon santimita 25, ya ɗora su a sikeli, ya ninka abin da ya samu sau huɗu domin ya san nauyin mita ɗaya. A yi lissafi da hawan da ya cika maƙil, domin kantar da aka bar wa fili yau za ta cika nan gaba.

Wane irin katako ya fi dacewa?

Zaɓi uku ne a gaban mai aiki. Na farko katako tsantsa, wato wanda aka tsago daga bishiya, irin su madaci da iroko da tik da ok a ɓangaren masu tauri, ko fain a ɓangaren masu laushi. Shi ya fi jure lotsawa kuma ya fi kyan gani, sai dai yana motsi da canjin yanayi, kamar yadda za a yi bayani nan gaba a amsar da ta shafi banƙarewa. Na biyu filawud, wanda siraran yankan katako ne da aka manna a kan juna, jijiyar kowanne ta gitta ta na ƙasansa, shi ya sa ba ya kumbura ko tsukewa sosai. Na uku su ne allunan da ake yi da niƙaƙƙen katako da gam, irin su MDF da allon ɓarɓashi.

A ganina, filawud mai kaurin milimita 18 shi ne ya fi dacewa da mai farawa. Yana zuwa a miƙe, yana riƙe sukuru, kuma kaurinsa kusan ɗaya ne daga wannan kusurwa zuwa waccan. A duba gefensa kafin a ɗauka: yawan layuka da rashin ramuka a tsakaninsu alama ce ta mai kyau. A kuma yanka hawa ta yadda jijiyar fuskar filawud za ta bi tsawon hawan, domin ta wannan ɓangaren ya fi ƙarfi.

MDF yana da santsi kuma yana karɓar fenti da kyau, amma taurinsa bai kai rabin na katako mai tauri ba, yana kumbura idan ruwa ya taɓa shi, kuma sukurun da aka ɗaura a gefensa yakan tsaga shi. Ba a hana amfani da shi ba, sai dai dole a rage tazara.

Me ya sa hawa ke lotsawa a tsakiya, kuma yaya tazara ya kamata ta kasance?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma amsarta tana cikin lissafin da injiniyoyi ke yi wa duk wani abu da aka gitta tsakanin ginshiƙai biyu. Lotsawa ba ta ƙaruwa daidai da ƙaruwar tazara, tana ninka ta nesa ba kusa ba. Idan aka ninka tazarar hawan da ke cike da littattafai sau biyu, lotsawarsa ba sau biyu za ta ninka ba, sau 16 ne. Misali, hawan filawud mai kaurin milimita 18 da zurfin santimita 25, wanda tazararsa santimita 80 ce, zai sauka a tsakiya da abin da bai wuce milimita 2 ba. A miƙa shi zuwa santimita 120, saukar za ta ninka sau biyar, ta kai wajen milimita 8, wadda duk wanda ya shigo ɗakin zai gani. Ido yakan fara lura da lotsawa da zarar ta kai kamar milimita 3 a kowace mita.

Kauri kuwa shi ne ke aiki ta ɗaya ɓangaren. Idan aka ninka kaurin falanki sau biyu, ƙarfinsa na jure lanƙwasa yana ninka sau 8, kuma ko tashi daga milimita 18 zuwa 25 yana ƙara masa ƙarfi fiye da ninki biyu da rabi. Amma a lura da wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: falankai biyu da aka ɗora a kan juna ba tare da gam ba, ƙarfinsu ninki biyu ne kawai, domin kowanne yana zamewa a kan ɗan'uwansa. Sai an manna su sun zama jiki ɗaya ne ake samun ninki takwas ɗin.

Akwai kuma aikin lokaci. Katakon da ya daɗe ƙarƙashin nauyi yana ci gaba da sauka a hankali, har lotsawar ranar farko ta ƙaru da rabi ko ma ta ninka bayan shekaru, kuma allunan niƙaƙƙen katako sun fi saurin yin haka. Saboda haka, a kaurin milimita 18, ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce kada tazara ta wuce santimita 60 ga MDF da allon ɓarɓashi, santimita 80 ga filawud da fain, santimita 90 ga katako mai tauri. Ba banza ba kantar Billy ta kamfanin kayan ɗaki na IKEA, wadda ta fito a 1979 kuma ta bazu a duniya, faɗinta santimita 80 ne.

Idan ina son hawa mai tsawo fiye da haka fa?

Hanya mafi sauƙi ita ce a sa tsayayyen allo a tsakiya ya raba tazarar gida biyu, wanda bisa lissafin da ya gabata zai rage lotsawa sau 16. Idan ba a son rabawa, sai a yi wa hawan leɓe: a samu siririn katako mai tauri, kaurinsa milimita 18, faɗinsa kamar milimita 40, a manna shi a tsaye a bakin hawan na gaba da gam. Wannan ɗan katako kaɗai yana ninka ƙarfin hawan sau biyu ko fiye, sannan yana rufe layukan gefen filawud waɗanda ba kowa ke son ganinsu ba. Hanya ta uku ita ce a ɗaure bayan hawan da allon baya da sukuru a kowane santimita 15 zuwa 20, sai dai wannan ba ya yiwuwa ga hawan da ake ɗagawa ana saukewa.

Wane zurfi da tsayi ya kamata a ba kowane hawa?

Littattafan mai kanta su ne ma'auni. Ƙananan littattafai na aljihu sun wadatu da zurfin santimita 20, yawancin littattafai suna zama a santimita 25, manya kuwa suna buƙatar 30. Takardar A4 faɗinta milimita 210 ne, tsayinta 297, don haka hawan da za a ajiye mujallu da fayiloli a kansa yana buƙatar tsayin da bai gaza santimita 33 ba. A bar sararin santimita 2 zuwa 3 a saman littafi mafi tsayi domin yatsa ya samu shiga. Zurfi fiye da buƙata ba alheri ba ne: yana tara ƙura, kuma yana jawo a yi jeri biyu, na gaba da na baya, wanda ke ninka nauyin da aka yi lissafi da shi.

Yaya zan tsara yanka don kada katako ya salwanta?

Cikakken allon filawud tsawonsa santimita 244 ne, faɗinsa 122. Idan aka tsaga shi a tsaye gida huɗu, kowanne santimita 30, ya ishe, har da kimanin milimita 3 da bakin zarto ke ci a kowane yanka. Biyu daga cikin tsagin za su ba da gefuna masu tsayin santimita 180, sauran biyun kuwa kowanne zai fitar da falankai uku na santimita 80, wato shida ke nan: na sama, na ƙasa, da hawa huɗu a tsakani. Da allo ɗaya, ban da siririn allon baya, an samu cikakkiyar kanta mai gurbin littattafai biyar.

A yanka dukan hawa da ma'auni ɗaya, ta hanyar kafa ɗan katako a matsayin iyaka maimakon auna kowanne da tef, domin bambancin milimita 2 tsakanin hawa biyu ya isa ya hana gefuna miƙewa. Wanda zai haɗa doguwar kanta a kwance kuma ya auna ba tsayinta kaɗai ba, har da tsawon gefenta daga kusurwa zuwa kusurwa, domin wannan tsawon ne zai gogi rufin ɗaki lokacin tayar da ita.

Wace hanyar haɗa hawa da gefe ta fi ƙarfi?

Wadda ta fi ita ce a fafe gurbi a jikin gefen, faɗinsa daidai da kaurin hawan, zurfinsa kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurin gefen, wato milimita 6 a allon milimita 18, sannan a zura bakin hawan a ciki da gam. A wannan tsari katako ne ke zaune a kan katako, nauyin bai rataya a kan ƙarfe ba. Ana fafe gurbin da injin fafa, ko a yi yanka biyu da zarto a cire tsakiyar da cizal. A auna kaurin filawud ɗin da ke hannu kafin a fafe, domin wanda ake kira na milimita 18 sau da yawa yakan gaza da ɗan kaɗan, kuma gurbi mai sako-sako ya rasa rabin amfaninsa.

Wanda ba shi da waɗannan kayan aiki zai iya manna siririn katako a jikin kowane gefe, ya ƙarfafa shi da sukuru, hawan ya zauna a kai. Bai kai gurbi kyan gani ba, amma yana ɗaukar nauyi sosai. Ana kuma iya amfani da fegin katako da gam. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a buga ƙusa daga waje ta ratsa gefe ta shiga bakin hawa, a tsaya a nan, domin ƙusa da sukuru ba sa kamawa da kyau a bakin falanki, inda jijiyar katako ta ƙare, kuma da tafiya ta yi tafiya sai su saki.

Kowane sukuru a fara huda masa ƙaramin rami kafin a ɗaura shi, musamman kusa da baki, don kada katakon ya tsage. Farin gam na katako yana buƙatar a matse shi na minti 30 zuwa awa ɗaya, amma ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai bayan awa 24. A goge wanda ya tsatso da ɗanyen tsumma nan take, domin busasshen gam yana hana banis da mai shiga katako.

Allon baya dole ne?

Dole ne, sai dai in za a maye gurbinsa da wani abin da zai yi aikinsa. Akwati mai kusurwa huɗu da ba shi da baya yana iya kwantawa gefe ɗaya ko da an haɗa kusurwoyinsa da kyau, allon baya ne ke hana shi. Kantata ta farko na bar ta babu baya domin ina son bango ya riƙa bayyana. Ranar da na gama ta tsaye take cak. Bayan wata biyu da cika ta, sai na lura littattafan hawan sama duk sun jingina hagu, da na ɗora tafin hannuna a gefenta na tura kaɗan sai ta yi ƙara ta tafi, ta dawo a hankali ba ta koma inda take ba. Sai da na sauke komai, na kwantar da ita, na buga mata filawud mai kaurin milimita 6, sannan ta daina motsi.

Kafin a kafa allon, a auna kantar daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, sannan a auna ɗaya ɓangaren. Idan ma'aunan biyu sun zo ɗaya, kusurwoyi sun daidaita. Idan ba su zo ɗaya ba, a tura doguwar kusurwar har su daidaita, domin yadda allon baya ya same ta haka za ta dawwama. Mai son buɗaɗɗen baya zai iya gitta ƙarafa biyu sirara daga kusurwa zuwa kusurwa, ko ya kafa faffaɗan katako a bayan hawan sama da na ƙasa.

Hawan da ake matsarwa ya fi, ko kafaffe?

Kowanne da amfaninsa, kuma mafi kyau a haɗa su. Hawan da ake matsarwa yana zama ne a kan ƙananan fegin ƙarfe huɗu, kuma tsarin da masana'antu ke bi shi ne ramuka masu faɗin milimita 5, tsakanin kowane biyu milimita 32. A huda su ta amfani da allon gwaji guda ɗaya ga dukan layuka huɗu, in ba haka ba hawan zai riƙa rawa. Irin wannan hawa ya fi kafaffe saurin lotsawa, tun da ba abin da ya riƙe bakinsa ko bayansa, amma ana iya juya shi idan ya fara sauka. A doguwar kanta, na sama da na ƙasa da aƙalla ɗaya a tsakiya su zama kafaffu, domin su ne ke hana gefuna buɗewa waje.

Ya zama tilas a ɗaure kanta a bango?

Tilas ne ga duk kantar da ta wuce tsayin ƙugu, kuma babu sassauci a gidan da yara suke. Kanta doguwa ce mai siririyar ƙafa, yaro kuwa kallon tsani yake yi mata, kuma nauyinsa a bakin hawa ya isa ya jawo abin da ya haura kilo 150 a kansa. Ana ɗaure ta daga sama da ƙarfe mai kusurwa ko maɗauri mai ƙarfi a wurare biyu. A bangon bulo ko siminti a huda rami a sa filogin roba kafin sukuru. A bangon allo mai rami a ciki kuwa, sai an nemo ginshiƙan da ke bayansa, waɗanda galibi tsakaninsu santimita 40 ne ko 60, domin allon kaɗai ba ya riƙe nauyi. A tabbatar babu wayar lantarki ko bututun ruwa a inda za a huda.

Idan daɓen ɗaki bai daidaita ba, a cusa siraran katako a ƙarƙashin gaba har kantar ta ɗan jingina da bango, sannan a jera manyan littattafai a ƙasa, ƙanana a sama.

Me ke sa katako banƙarewa bayan an gama aiki?

Danshi ne. Katako yana shan ruwa daga iska yana kuma fitar da shi, yana kumbura yana tsukewa ta faɗinsa, amma ta tsawonsa kusan ba ya motsi. Wanda bai bushe ba kafin a yi aiki da shi zai bushe a jikin kantar, ya tsuke, ya buɗe mahaɗai, ya murɗe. Katakon kayan ɗaki ana son danshinsa ya kasance tsakanin kashi 6 zuwa 12 cikin ɗari, gwargwadon yanayin wurin da zai zauna. A ajiye falankan a ɗakin da kantar za ta zauna na mako ɗaya ko biyu, a kwance, da ƙananan katakai a tsakaninsu don iska ta ratsa. A guji falanki mai babban ƙulli a tsakiyar tazara, da wanda ke da ƙananan huji masu fitar da gari, domin alamar ƙwaro ce a ciki. A kuma shafa wa fuskokin falanki biyu abu ɗaya, domin idan aka rufe sama aka bar ƙasa, ɓangare ɗaya zai riga ɗayan shan danshi ya lanƙwasa shi.

Wane shafi ya dace, kuma yaushe za a jera littattafai?

A goge katakon da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, lamba 120 sannan 180, ana bin jijiya, kuma a yi hankali da filawud domin fatarsa ta sama siririya ce. Ya fi sauƙi a goge a kuma shafe fuskokin ciki tun kafin a haɗa, a bar wuraren gam kawai. Banis mai bushewa da tauri ya fi dacewa da hawa, domin yana jure gogar littattafai kuma yana shiga tsakanin takarda da katako, abin da ke da amfani musamman ga itacen ok, wanda ke fitar da tururi mai tsami da ke cutar da takarda a tsawon lokaci. Shafi biyu ko uku marasa kauri sun fi guda ɗaya mai kauri.

Bushewa a taɓi daban, ƙeƙashewa daban. Fenti ko banis na iya bushewa cikin awoyi, amma yakan ɗauki makonni biyu zuwa huɗu kafin ya yi taurin da bangon littafi ba zai manne masa ba, don haka a daure a jira. Ƙurar katako tana cutar da hanci da huhu, ta MDF ma ta fi laushi da saurin tashi, saboda haka a rufe hanci da baki a yi aiki a inda iska ke shiga. Tsumman da aka shafa man linsid (wani mai da ake shafa wa katako) da shi kuwa kada a dunƙule shi a jefar, domin yana iya yin zafi ya kama wuta da kansa. A shanya shi a buɗe a waje har ya bushe, ko a nutsar da shi a ruwa.

Ana iya gyara kantar da ta riga ta lotsa?

Sau da yawa ana iyawa. A sauke littattafan, a ɗora miƙaƙƙen katako a kan hawan a ga girman saukar. Idan hawan na cirewa ne kuma katako ne tsantsa ko filawud, a juya shi, nauyi zai mayar da shi sannu a hankali, amma a yi masa leɓe kamar yadda aka bayyana a amsar hawa mai tsawo, in ba haka ba zai sake lotsawa ta ɗaya fuskar. Idan kafaffe ne, a tokare tsakiyarsa daga ƙasa har ya miƙe, a ɗaure shi da allon baya, sannan a kafa tsayayyen allo a ƙarƙashinsa, a ci gaba da irin wannan tokari a kowane hawa har zuwa ƙasa domin nauyin ya sauka a daɓe, ba a kan hawan da ke ƙasa ba. Allon ɓarɓashi da ya sha ruwa ya kumbura ba ya komawa yadda yake, sai dai a cire shi a yanka sabo da filawud bisa ma'auninsa.